Ku Faɗa Wa Inna Ko Umaru Ya Rasu

Zuwa ga Shugaban ofishin da ya tura ƙanena Umaru karatu ƙasar Turai.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ce malamar makarantar nan daga Bodinga wadda akawunka ya yi wa bayani makon jiya, yana magana yana cin gyaɗa, cewa a takarda Umaru bai mutu ba, ɓacewa ya yi. Da na nemi ganinka sai ya rufe ƙofa ya tafi layin rabon shinkafa, ni kuma na nufi tasha.

Na ɗaya. Kun tura Umaru ya koyi yadda ake tara ruwa don noman rani. A ƙarshen lokacin sanyi malamansa suka hau da su dogon dutse, da katakan zamiya a ƙafa, don auna dusar ƙanƙarar da ke zama ruwan kogi. Abokin karatunsa ya rubuto mini cewa a irin wannan lokaci da asuba ake hawa, a sauko kafin rana ta tausasa dusar. Sun makara. Dusar gefen dutsen ta zaftaro ta rufe Umaru. Ɗalibi ne ya sanar da ni wannan. Ku kuwa saƙonku cewa ya yi a jira ƙanƙara ta narke.

Na biyu. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Ƙanƙarar da ta sani ita ce wadda ake sa wa a zoɓo. Ta aika aka sayo mata dunƙule, ta ajiye a kwano bayan azahar, kafin la'asar ya zama ruwa. Ta kira ni ta tambaya me ya sa tasu ba ta narke ba har yanzu. Duk ranar kasuwa sai ta sake saya, kuma ba ta yarda a zubar da ruwan.

Na uku. Liman ya ce ba zai buɗe zaman makoki a kan wasiƙar ɗalibi ba, tunda hukumar da ta ɗauki yaron ba ta ce ya rasu ba. Bai yi laifi ba. Matar Umaru, Hajo, tana gidansu a Danchadi, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma iya yin kwalliya. Mata daga Shagari sun zo gaisuwa, suka tsaya a zaure suna shawarar ko su ce Allah ya jiƙansa ko Allah ya bayyana shi.

Na san ana tsuke bakin aljihu, shi ya sa na zaɓi roƙon da ba ya cin kasafi. Ku tambayi hukumomin can gaskiyar magana. Ku turo mutum, da rawani ko babu, ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata da Hausa. In an tono shi, a samu Musulmi su yi masa sutura, a gaya mana sunan garin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo maka da duk ɗan da ka aika. Gobe kasuwa ce, Inna ta riga ta wanke kwanon.

Wassalam.

Hadiza, yayar Umaru,
Bodinga.