Wandon da Ke Gindin Dam

Yaya Asiyatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara da mutanen Mangochi? Ni lafiya lau, sai godiya.

Har yanzu ina Dullstroom, ina kula da dam ɗin Mista Kobus, inda masu kuɗi ke kama kifi su sake shi don nishaɗi. Ban taɓa gaya miki ɗakina a gindin bangon dam yake ba. Da damina tabarmata ba ta bushewa. Kada Inna ta ji.

Makon jiya hukuma ta turo injiniya, Malama Nomvula. Su haɗarin dam suna auna shi ne da rayukan da ruwa zai ci in ya ɓalle. Kobus ya ce, "Ai ba kowa a ƙasa, ciyawa ce kawai."

Ta nuna igiyar shanyata. "To wandon can fa, na kifi ne?"

Ta sa dam ɗin a sahun masu haɗari. Dole Kobus ya gyara shi, ni kuma aka mayar da ni kan tudu. Bai kore ni ba, da hanci dai yake amsa gaisuwata.

A aiko min da busasshen usipa, ƙananan kifin nan namu na gida. Ki sa Inna ta yi wa injiniyar nan addu'a. Tun zuwana ƙasar nan, ita ta fara ƙirga ni cikin mutane.

Ƙaninki,
Jafali