Inda Lamont Ke Miƙa Makirufo

Lahadi, 5 ga Maris
Wasan la'asar na ƙungiyar kiɗanmu a gida, Cleveland. Ɗaki ya cika, rabinsu masu furfura irinmu. Shekara talatin da ɗaya ba abin da ya canza tsakaninmu da masu son sauran nau'o'in kiɗa: 'yan metal su ce mu 'yan rap ne, 'yan rap su ce hayaniya muke, 'yan hardcore kuwa su hau dandamali su tattake min wayar jita.

Lamont, mawaƙinmu, ya miƙa wa jama'a makirufo kamar kullum, suka yi caa a kai, wani kan wani. Sai dai ba a amshi ya miƙa ba, a tsakiyar baiti na biyu ne. Ba a nan ake miƙawa ba.

Talata, 7 ga Maris
Ƙila iyayi ne kawai. Lamont da son a yaba.

Alhamis, 16 ga Maris
Buffalo. Sau huɗu yau, na ƙirga. Kafin ya miƙa sai ya ɗan waiwayo, kallon wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Har a waƙar mahaifinsa, wadda Lamont ɗin ya rubuta masa ranar da aka rufe masana'antar ƙarfe. Na gaya wa Stosh mai ganga a mota, ya ce ni dai sa ido gare ni, in ji da ciwon bayana.

Asabar, 25 ga Maris
Rochelle, matar Lamont, ta zo da safe, ta ƙi zama. Tun Nuwamba likita ya gaya musu. Mantuwa ce ta kama Lamont, irin wadda gaba take yi. Sau biyu ya ɓata tsakanin kanti da gida. Ya hana a faɗa mana.

Ta ce, "Efrain, shekara nawa kana cewa za ka bar ƙungiyar nan? To ka bari yanzu. Ka ce kai ne ka gaji. Kada ya tsaya gaban mutum ɗari biyar bai san inda yake ba."

Gaskiya ta faɗa. Na ce zan bari ya fi sau ashirin, galibi saboda mijinta. Ga shi an kawo min dama har gida, na ji kamar an naushe ni.

Laraba, 29 ga Maris
Na rubuta saƙon barin. Ban tura ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu
Gwaji a garejin Stosh. Lamont ya kakare a wuri guda sau uku, ya ɗora wa Stosh laifi wai yana sauri. Stosh ya karɓa bai yi musu ba. Ashe shi ma ya gane, munafuki.

Da muke naɗe waya Lamont ya matso. "Rochelle ta je wurinka ko, tsoho?" Na ce ta zo. Ya ce in na kashe ƙungiyar nan don tausayinsa, kada in je jana'izarsa. Wai a dandamali ne kaɗai har yanzu jikinsa ya san abin yi ko da kansa bai sani ba.

Na ce dama ban yi niyyar zuwa ba. Muka rabu a haka.

Alhamis, 6 ga Afrilu
Rochelle ta kira sau uku. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen bazara. Ta kashe wayar, ban ga laifinta ba.

Lahadi, 16 ga Afrilu
Toledo, wasan la'asar. Na sa an kafa min makirufo a gabana. Tunda aka kafa ƙungiyar nan ban taɓa buɗe baki a dandamali ba, Stosh har ya yar da sanda don dariya. Na ce na gaisuwa ne.

Baiti na biyu, Lamont ya waiwayo. Na jefa masa kalma biyun farko, ya cafe ya wuce da gudu har ƙarshe. Sau biyar muka yi haka, ba wanda ya lura. Lamont ya ce muryata kamar ta jaki.

A mota ya ga takardar da na kwafe waƙar mahaifinsa ina hadda. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, a hankali. Ya ce, "Wannan ta yi kyau. Wa ya rubuta?"

Na ce wani mai girman kai ne, ba ma shiri da shi. Ya yi dariya, ya miƙo min takardar.

Saura waƙa goma sha ɗaya ban haddace ba.