Tsuntsayen da Gwarzo Ya Jira

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya hanya? Na kasa faɗa maka wannan a waya, shi ya sa na rubuto.

Ranar Talata ina shago ina yi wa wata kitso, ɗanka Gwarzo yana tsakar gida da 'yar maƙwabciyata, sa'arsa. Sai na ji ƙara. Na fito na tarar ya buga mata murfin tukunya a ka, jini ya rufe mata ido. Yaya, dariya yake yi. Da na finciko shi, ya ce in bari, yanzu tsuntsaye za su fito su zagaya kanta, ta miƙe, kamar yadda kyanwar katun ɗin da yake kallo a waya take yi.

Sai da aka yi mata ɗinki. Tun ranar ta ƙofar baya nake bi, don kada mu haɗu da uwarta.

Ƙanwarka.

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso ni a tashar da muke sauke kaya, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Waɗannan katun ɗin ba abin da suke koya wa yara sai mugunta da rashin kunya. Ki karɓe wayar yau. Na yi mamaki da kika bar yaro ɗan shekara biyar yana kallon abin da ya ga dama, alhali amanarsa na ba ki bayan rasuwar uwarsa. Ki ba maƙwabciya haƙuri a madadina.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karɓe wayar. Ban musa ba, ni nake miƙa masa ita in shago ya cika, don ya bar ni in yi aiki. Wani lokaci har in manta yana gidan. Amma kai ka aiko da ita, ka ce ta riƙa ɗebe masa kewa kafin ka zo. An fi shekara.

Na je ba da haƙurin. Na shirya wa zagi, sai matar ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce nata yaran ma suna kallon katun ɗin nan, amma babansu yakan zauna da su, in an buge wani ya ce, "Kai, wannan da a gaske ne, da ya mutu." Ba da gatse ta faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya ta kawo yarinyar, wai tana kukan abokin wasanta. Gwarzo ya ga bandejin ya shige ƙarƙashin gado. Da suka tafi ya fito, ya tambaye ni ko mamansa ma an jira ta miƙe ne ba ta miƙe ba. Na ce ya tambaye ka. Ya ce ai kai kullum kana tuƙi.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Ki yafe mini maganar amana, ban da bakin faɗarta. Na nemi hutu wurin mai mota. Kada ki gaya wa Gwarzo tukuna, sai kin gan ni a ƙofa. Na sha ce masa ina zuwa, ban zo ba.

Yayanki.