Na raba tukunya da mutumin da ya fara ba ni shimfiɗa

Hajiya Rakiyatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya hana ni sakat, kuma a garin nan ba wanda zan faɗa wa ba tare da labarin ya riga ni isa gida ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Matamai. Shekarata goma sha ɗaya a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ina tsaron kantin yadi a kasuwa. Ranar da na sauka daga mota ban san kowa ba sai sunan mutum ɗaya, Baba Tahiru, abokin kawuna. Shi ya kai ni ɗakinsa, ya ba ni tabarma da bargo, ya koya mini Larabcin ciniki. Tun daga nan ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Ki sani haka 'yan gida ke zama a nan: girki bi da bi, ci a kwano ɗaya. Ba a buɗe baki a ce wa mutum ya tashi. In aka ga ka sayo reshonka ka ɗora tukunyarka kai kaɗai, to ka gama magana, kowa ya san nufinka.

Ba zan ɓoye miki ba, na gaji da shi. Yana cin taba, gwangwanin tofinsa kullum a bakin ƙofa. Rediyonsa ba ta shiru. Duk baƙon da ya sauka daga Damagaram ko Maraɗi sai ya jawo shi, in dawo daga kasuwa ƙafa a kumbure in tarar da ƙarti uku a kan katifata, ɗaya har ya zura silifas ɗina ya tafi masallaci. In na yi magana ya ce ai ni ma haka na zo. Gaskiya ce, shi ya sa take ƙona mini rai. Shekarata arba'in da huɗu, 'ya'yana biyar a gida, amma a ɗakin nan har yau ni yaro ne.

Bayan babbar sallah jiri ya kayar da ni a kanti. Lokotoro, wato likita, ya ce tansiyo ce, hawan jini ke nan, ya hana ni gishiri da magi. Shi kuwa Baba Tahiru hannunsa na da nauyi a gishiri. Washegari na sayo ƙaramin resho. Hajiya, ga inda laifina yake: ban gaya masa maganar lokotoro ba. Takardar da lokotoron ya ba ni tana aljihuna. Da na ce kalma ɗaya da ya gane, na san halinsa, wataƙila ma ya daina sa gishirin gaba ɗaya don ni. Na yi shiru ne don na san yadda zai ɗauki abin, kuma ina so ya ɗauke shi hakan.

Ya dubi reshon. Kwana uku yana girki yana rufe mini rabona a kwano, ban taɓa ba. Rana ta huɗu na dawo na tarar ya kwashe kayansa, ya share ɗakin, ya bar makulli wurin maƙwabci. Ɗakin da shi ya samo shi tun ina ƙauye! Aka ce ya samu aikin garka, wato lambu, a Tit, wani ƙauye da ke wajen gari.

Yanzu ina zaune da Mahamane, wani tela daga Agadas. Ga tsafta, ga kamun kai, tun ranar farko muka yi magana a fili kan baƙi da girki da shara. Na samu irin zaman da na daɗe ina nema, jinina ma ya sauka. Mai gidan kuma ya kafa doka, mutum biyu kaɗai a ɗaki.

Satin jiya direban da ke kawo kayan miya daga Tit ya ce mini ya ga Baba Tahiru. A wata bukka ta ganyen dabino yake kwana a bakin garka, gwiwa ta matsa masa, ga tari. In an tambaye shi me ya fito da shi sai ya ce iskar daji yake so, ni kuma wai ɗan albarka ne. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi. Ya haura sittin da biyar, sanyin duwatsun nan kuma yana tafe, irin wanda ruwa ke kwana a buta ya daskare.

In dawo da shi in sallami Mahamane da bai yi mini komai ba? Kuma in zan faɗi tsakanina da Allah, ba na son komawa wancan zaman. To ni wane irin mutum ne?

Wani ɗan Nijar, Tamanrasset

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya ba ka lafiya.

Gajiyarka ba laifi ba ce. Magidanci mai ciwo da ya yini a tsaye yana da haƙƙin ya dawo ya tarar da katifarsa. Alherin da Baba Tahiru ya yi maka babba ne, amma bai ba shi damar ya riƙa cika ɗaki da baƙi ba tare da ya ji ta bakinka ba. Da ka zaunar da shi ka ce zaman ya ishe ka, da ba abin da zan tuhume ka da shi.

Abin da ka yi daban ne, kuma kai da kanka ka faɗe shi. Ka sa al'ada ta yi maka korar da bakinka ya kasa, ka bar dattijo kwana uku yana rufe maka abinci yana jiran ka saki fuska. Wannan ne kake neman yafiya a kai, ba gajiyar ba.

Kada ka sallami Mahamane, sai ka cuci mutum biyu maimakon ɗaya. Ka dai gaya masa halin da ake ciki.

Abu biyu ne a gabanka, kada ka cuɗa su: yafiya da makwanci. Na biyun ya fi gaggawa. Cikin baƙin da ya riƙa saukarwa duk shekarun nan, wasu yau suna da ɗakunansu a garin. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ce kana nema wa Baba Tahiru wurin da zai yi sanyi. Ba sai ka tona asirin kowa ba. In an samu, kai za ka tsaya a kan hidimarsa, har da kai shi a duba tarin.

Sannan ka tafi Tit ranar Juma'ar nan, da ƙafarka, kai kaɗai, ba ta waya ba. Ka gaya masa maganar lokotoro, amma kada ka tsaya a nan. In ka nuna masa takarda kawai ka bar shi ya ɗauka duk rashin fahimta ce, ka sake yaudararsa. Ka ce ka gaji, ka ji nauyin faɗa, ka bi hanyar da ba ta dace ba.

Yana iya cewa ba komai don ya rufe zancen, yana iya ƙin biyo ka. Mutumin da ya tafi ba tare da ya ɗaga murya ba yana da zuciya, kada ka matsa masa. Ka koma Juma'a mai zuwa, da wadda ke bayanta. Ko ya yafe yanzu ko sai nan gaba, wannan nasa ne. Naka shi ne kada sanyin bana ya same shi a bukka.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ku lafiya ku duka, ya maido ku gida cikin iyalinku.

Hajiya Rakiyatu