Baba a Cikin Na'urar Hoto

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Hoton MRI na Baba ya fito, wai lafiyarsa ƙalau. To ina zai nuna? Kwantar da shi suka yi kamar gawa, suka ce ko yatsa kada ya motsa. Shi kuwa jirin ba ya zuwa sai ya ɗaga kai yana filastar saman ɗaki, hannu ya mutu, ido ya rufe. Ɗan kwangilar da yake wa aiki ya ce tunda hoto bai nuna komai ba, babu maganar ba shi aikin ƙasa, ya koma kan tsani.

Likita ta ce akwai sabuwar na'ura da ake gwadawa, a tsaye ake shiga, mutum na motsi tana ɗauka. Na sa sunansa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka kyauta. Sai dai ka san halin mahaifinmu, bai taɓa cewa wash a gaban baƙo ba. Ka shiga tare da shi, ka gaya musu yadda yake karkatar da wuya in ya gaji. Kada ka bar shi da su shi kaɗai.

Ka gaishe shi da jiki.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban samu shiga ba, saboda ƙarfen da aka sa mini a ƙafa, maganaɗisun na'urar ba ya shiri da shi. Ta gilashi na kalla.

Suka miƙa masa cokalin gini na roba, suka ce, "Baba, yi yadda kake yi a wurin aiki." Ya duba ya ga matasan likitoci sun zuba masa ido. Yaya, filastar koyarwa ya yi musu: baya a miƙe, wuya a saite, irin wadda yake nuna wa sababbin ma'aikata, wadda shi kansa rabonsa da ita tun kafin a haife ni. Na buga gilashi, aka ce in zauna.

Ya fito yana murmushi. "Ka ga yadda suka yaba hannuna?"

Hoto ya fito tas. Na roƙi a sake, suka ce masu jira da yawa, sai baɗi. Ban taɓa jin haushinsa da tausayinsa irin na yau ba.

Ki huta lafiya,
Auta

Yaya,

Barka da yau. Na ɓoye takalmansa na aiki. Da safe ya tafi da nawa. Hawa na ƙarshe na benen aka ba shi, can sama.

Don Allah ki zo.

Auta