Karsanar da Bube Ya Ɗaure a Turken Jakina

Malam mai filin shawara,

Bayan gaisuwa, don Allah ka agaje ni tun ban sake jefa kaina wani rami ba, don na farkon ma da ƙafafuna na kai kaina.

Ni manomin albasa ne a fadamar Magarya, ƙasar Wurno. Na taɓa elementare a Rabah har aji biyu, kafin ni da malam munka yarda kowa ya huta. Bara da rani na hangi shanun wasu Bararo daga ƙasar Faransi, nan arewa da mu ƙetaren iyaka, sun nufo gefen albasata. Ko ganye ba su taɓa ba. Amma na suri sanda, na sheƙa ina zabga masu duk Turancin da na sani, wai don su zaci ni ma'aikacin hukumar En'e ne. Ina kallon shanu ba ni kallon ƙasa, sai ga ni tsundum cikin rijiyar jigo, wadda ni na gina da hannuna. Ƙafa ta karye.

Mai shanun, wani dogo mai suna Bube, shi ya zura igiya ya jawo ni awa guga. Ya aza ni bisa takarkarinai har gida, ya yi mani ɗori. Hausar Bube ba ta cika ludayi ba, Fillancina kuwa bai wuce na tayin nono ba. Haka ya riƙa zuwa duba ƙafa, mu zauna zaure ina ta zuba, matata Turai ta aiko muna da tuwo. Nan ya ga ɗiyata Kulu, wadda anka yaye ta rame, ba komi gare ta sai ido.

Da ruwa ya sauka za su koma arewa, sai ga shi janye da karsana mai ciki. Ya ɗaure ta a turken jakina. Ya nuna cikinta, ya ɗaga yatsa uku, ya nuna ni. Ya dafa bayanta, ya dafa ƙirjinai. Ya juya ya tafi. Shaida babu sai jakin.

Yanzu ta haihu, Kulu na shan nono har ta yi kumatu, ni ko na rame a madadinta. Maƙwabcina Lawwali ya ce ɓoyon jangali ne, ran da malamin jangali ya zo ni za a riƙe. Surukina ya ce ta sata ce, ran da mai ita ya iso da dogarai a gidana za a iske ta, kuma alƙali ba ya karɓar yatsa uku a matsayin shaida. Ni ma abin na cina. Mutumin da in garkenai ya shiga gulbi sai ruwa ya ragu, mi yake nema wurin mai jaki guda? Da sanda da zagi na tarbe shi. Wanda ka zaga ya ba ka saniya, mi yake dafa maka?

Ga shi wani da ya ci kasuwar Goronyo ya ce Bube ya sauka Shinaka, yana tambayar mutumin rijiya. In kora mai abinai tun bai iso ba? In na maida, Kulu ta koma kunu zalla. In na riƙe, wataƙila sai gidan yari a Sakkwato, inda na ji ba a buƙatar Turanci.

Naka,
Gurgun Magarya

AMSA

Malam Gurgu, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Abin da Bube ya yi sanannen abu ne wurin Fulanin daji, suna ce masa haɓɓanaye. Mai shanu yakan ba wanda yake ƙauna aron karsana, ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan da nonon su zama nasa, uwar ta koma garkenta. Abin da yatsun nan suka faɗa maka ke nan. Ba kowa suke yi wa ba, balle Bahaushe manomi. Ina jin ramar Kulu ya gani, da tuwon Turai.

Duk da haka maganar Lawwali da surukinka ba ta banza ba ce. Ana ɓoyon jangali, ana satar shanu, ni kuwa ban ga Bube ba balle in rantse a kansa. Sai dai ɓarawo bai cika komowa yana cigiyar inda ya ajiye kayan sata a tsakiyar kasuwa ba.

Kada ka kora saniyar. In mutumin kirki ne ka ci fuskarsa, in ba shi ba ne korar ba za ta wanke ka ba. Ka je wurin maigari ka faɗa masa yadda ta zo hannunka, a sa ta cikin jangali da sunanka. Sannan ka nemi dattijon Bafillace mai jin Hausa, ku tafi Shinaka tare, Bube ya faɗi nufinsa da baki a gaban shaidu. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. In ya yi ta kauce-kauce, ka san abin yi.

Kada ka jira shi ya zo, kuma kada ka tafi hannu sake. Ka ɗora wa jakinka gero da albasa, ka gaya masa karan gonarka na shanunsa ne duk kaka. Ka kula da saniyar fiye da taka, domin amana ce, bayan haihuwa ta uku za ka mayar da ita da ƙibarta. Na kuma duba takardarka sama da ƙasa, ban ga inda ka ce ka gode masa ba. Tun da za ka tafi da tafinta, ka fara da wannan.

Allah ya raya Kulu, ya sa Bube ya zama yadda muke zato.