Lambar da Yaya Fergus Bai Manta Ba

Litinin, 3 ga Maris

Kamfanin intanet sun sake ƙara kuɗi. Ko kunya babu, har da wani "muna alfahari da ke". Na kai ƙararsu wurin maƙwabciyata Morag, muna shanya a tsakar gida. Ta ce, "Ke ma dai Elspeth da naci kike. Miji ne da za ki mutu a ɗakinsa? Ki koma wani kamfanin mana." Ita tun bara ta canza. Wai sabon kamfanin kawai ta gaya wa, su suka sanar da tsohon, suka tsayar da rana, shi ke nan.

Na ce zan duba. Intanet ɗin bai dame ni ba, talabijin kawai nake kallo da shi. Wayar gida ce abin ji, tunda a haɗe suke.

Yaya Fergus ya kira da la'asar kamar kullum, bayan an ba su shayi a gidan tsofaffi. Ya ce, "Mama, jirginmu bai shigo ba, kada ki jira ni da abinci." Na ce to, Allah ya dawo da kai lafiya. Mama ta daɗe a ƙasa, shi kuma rabonsa da kamun kifi tun kafin in yi furfura. Ya manta matarsa, ya manta a Dundee yake, ni kaina ya manta ni. Amma lambar gidan nan da aka sa tun muna yara, yatsansa bai manta ta ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira sabon kamfanin. Matar da ta ɗauka tana da haƙuri. Za su aiko da akwatinsu na intanet, injiniya zai zo ranar ashirin ga wata, a ranar tsohon layi zai tsaya sabo ya kama. Tunda kwantiragina ya ƙare, babu tara. Na ce mata ko intanet bai zo ba, lambata ta zo. Ta yi dariya ta ce za su ɗauko ta. "Abu ɗaya dai, kada ki kira tsohon kamfanin ki ce a yanke. Ki bar mana wannan." Na ce na ji.

Na tambaye ta ko ana ruwa a garinsu, don dai hirar ta ɗan yi tsawo. Ana yi.

Juma'a, 7 ga Maris

Tsohon kamfanin ya turo saƙo. Sun ji zan tafi, ga ranar, ga abin da zan mayar musu. Iyakarta ke nan. Tun Baba yana da rai muke tare da su, amma ko ɗan "me muka yi miki?" babu. Wauta ce a ce abin ya yi mini ciwo, amma ya yi.

Asabar, 8 ga Maris

Iska daga teku. Ban fita ba, ba wanda ya shigo.

Litinin, 10 ga Maris

Na kira tsohon kamfanin. In zan bar wuri, sai na faɗa da bakina. Suka bar ni da kiɗa har shayina ya huce, sannan wani ya ɗauka ya fara zancen ragi. Na ce, "Au, ashe akwai ragin? Sai da na ɗaure kayana kuka tuna?" Na wanke shi tas, bawan Allah, alhali ba shi ya sa farashin ba. Ya ce, "To yanzu so kike a rufe layin?" Na ce a rufe, yau ma in zai iya. Ya fara wani dogon bayani, na ce na yarda da duka, na kife wayar.

Na ji sanyi a raina. Har kifi da dankali na sayo a bakin tashar jiragen ruwa.

Juma'a, 14 ga Maris

Wayar ta mutu.

Na ɗaga da safe, shiru. Na zaci iskar ce, na kira sabon kamfanin da wayar hannu. Tambayar farko: "Kin kira tsohon kamfanin ne?" Na ce na kira. Ashe da na ce a rufe da kaina, na soke canjin ne gaba ɗaya, lambar ta fita daga hannuna. Za su nemo ta, galibi ana samu in ba a wuce wata guda ba, amma ba su yi mini alkawarin rana ba.

Garin neman gira. Morag ta ce, "Wannan bakin naki, Elspeth, shi zai yanka wuyanki." Gaskiyarta ce.

La'asar ta yi ta wuce. Na zauna kusa da wayar duk da haka.

Lahadi, 16 ga Maris

Ailsa, mai kula da Yaya, ta kira ni a wayar hannu. Ta ce yana danna lambar, murya ta ce masa babu ita, ya sake dannawa. Ya ƙi shayi, ya ƙi abinci sai da lallashi. Cewa yake wani abu ya sami Mama, a ba shi takalmansa. Sun kira masa wayar hannuna jiya, na ji ya ce, "Wace ce wannan kuma?" ya mayar musu. In ba da yatsansa ya danna ba, ba gida ba ne.

Ailsa ta ce, "Ko za ki ɗan leƙo?" Na ce bas biyu ne, ga gwiwa.

Ba gwiwa ba ce. Zuwana na ƙarshe kallona ya yi ya ce ko ni ce mai yankan farce, na yi ta kuka a bas mutane suna kau da kai. A waya ko ba komai ni wata ce a wurinsa.

Alhamis, 20 ga Maris

Injiniya ya zo. Ya huda bango, ya ja waya, ya ɗora akwati kan teburin Mama, fitilu suka kama kore. Yanzu wayar gida a bayan akwatin ake jona ta. Sun ba ni lambar wucin gadi, ba wanda ya san ta, har ni. Ya ce intanet ɗin zai yi gudu ninki nawa ma ya ce. Na ce ya je ina da gudun? Na tambayi lambata, ya ce ba a hannunsa take ba.

Na haɗa masa shayi da biskit. A tsaye ya sha.

Asabar, 22 ga Maris

Na je Dundee.

Ya rame. Na same shi a baranda inda wayar take, a tsaye, ya dafa bango. Na ce, "Yaya Fergus." Ya ce, "Sannu, baiwar Allah," ya juya. Ina kallo ya danna lambar, ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure. Muryar na'ura ta faɗi abin da za ta faɗa, layin ya yi shiru. Ya ce wa bango, "Ba ta ɗauka." Ya sake dannawa.

Ban shirya ba. Ina tsaye a bayansa, da muryar ta gama sai kawai na ji bakina ya ce, "Fergus, ga ni," yadda nake cewa a waya.

Bai waiwayo ba. Ya ƙanƙame wayar da hannu biyu.

"Mama! Ina kika shiga? Na zaci faɗuwa kika yi."

"Wayar ce ta lalace. Lafiyata lau. Ka ci abinci?"

"Abincin nan ba gishiri."

"Ka ci haka nan, kada in zo in same ka."

Ya yi dariya. Ya ba ni labarin jirgi da farashin kifi, ina amsawa a ƙeyarsa. Ailsa ta fito da faranti, ta gan mu, ta koma a hankali. Can ya ce, "Mama, ki riƙa duba Elsie. Ita kaɗai take a gidan nan. Ba za ta faɗa ba, sai dai ta yi ta faɗa da mutane."

Ni ce Elsie, haka yake kirana muna yara. Duk kiran da yake yi, bai taɓa ambaton sunan nan ba. Na ce zan duba ta.

Ya ajiye, ya juyo ya gan ni, ya ce, "Waya kike jira? Na gama." Ya tafi ya cinye abincinsa.

Litinin, 24 ga Maris

Na koma. Mun sake yi. Gwiwar ma yanzu da gaske take ciwo.

Laraba, 26 ga Maris

Haka jiya, haka yau. Direban bas na biyu ya fara gaishe ni.

Juma'a, 28 ga Maris

Lambar ta dawo! Saƙo ya shigo da safe. Na kira ta da wayar hannu, ta yi ƙara a falo, na zauna kan matakala ina sauraronta har ta gaji. Na gaya wa Ailsa, ta ce, "Madalla, sai ki huta da zirga-zirga." Na ce ai kuwa.

Ya kira da la'asar, na ɗauka. Jirgi bai shigo ba. Da ya ajiye, gidan ya yi mini girma.

Asabar, 29 ga Maris

Morag ta gan ni a tashar bas. "Ina kuma? Ba an gyara wayar ba?" Na ce safa zan kai masa, nasa duk sun huje. Ta ce, "Uhm, safa."

Na isa ana raba shayi. Na zauna kusa da shi, ya tura mini rabin biskit ɗinsa, ya ce yaya sunana. Na ce Elspeth. Ya ce, "Ƙanwata ma sunanta ke nan. Masifaffiya ce ta gaske, amma ba ta da mugunta." Na ce na san irinsu.

Har aka kwashe kofuna bai tashi zuwa wurin waya ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Safar tana jakata, na manta ban ba shi ba. Na duba, ranar Lahadi ma akwai bas.